Tambayi Kawu: "Mun kai yarinya Ingila, ta ce afirentis za ta yi"

Assalamu alaikum jama'ar zango, na Kumasi da na Akra da waɗanda ke can waje suna karanta mu a waya. Wannan makon wasiƙu uku na ɗauko, biyun farko kusan uwarsu ɗaya ubansu ɗaya shi ya sa na haɗa su wuri guda. Kamar kullum na cire sunaye, kar wani ya tare ni a masallaci.

TAMBAYA: Kawu sallama, ya iyali ya aiki. Ni 'yar kasuwa ce ina saida atamfa da leshi a Kejetia, gidanmu na Aboabo. Ƙanina yana Landan kusan shekara ashirin yana tuƙin bas, 'yarsa ta fari ni na goya ta har ta kai shekara tara kafin ya zo ya ɗauke ta, toh yanzu ta kai 17 tana ajin ƙarshe na sakandaren can kuma wallahi yarinyar akwai kai, lissafi kamar ruwa take sha. Duk mun sa rai jami'a za ta je ta karanta harkar kuɗi ta zama babbar ma'aikaciyar banki, sai ranar Juma'a ubanta ya kira ni ransa a ɓace wai ta ce ita afirentis za ta yi. Kawu afirentis fa! Tsohuwarmu da ta ji sai da ta ajiye carbi, ta ce in dai koyon aiki ne me ya kai ta Turai, ga garejin makanikai na Suame Magazine nan kusa ga teloli cike da Asawase. Na kira yarinyar ta yi ta min bayani wai digiri ne, wai biyan ta za a riƙa yi, wai ba bashi, ni dai ban gane ba kuma tsorona kar a ce wayo ake mata don an ga baƙar fata ce. Ubanta ya ce maganata take ji, in hana ta. Dan Allah in hana ta ko in ƙyale ta?
Goggo mai atamfa, Aboabo

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Ki fara gaishe min da tsohuwa ki ce ta ɗauki carbinta, jikarta ba ƙarƙashin tirela za ta kwanta da sifana ba. Amma ban ga laifinta ba ko kaɗan, don mu nan in aka ce afirentis abin da muka sani kenan, uba ya kama hannun yaro ya kai shi wurin masta, a biya kuɗin shiga a haɗa da kiret ɗin lemo, yaro ya shekara yana sharar shago da sayo wa manya wake da shinkafa kafin a bar shi ya taɓa inji, in masta ya ga dama ya ba shi na koko in bai ga dama ba ya koma gida a ƙafa, bayan shekara uku ko huɗu a yi bikin yaye shi dangi su sake tara kuɗi. Mu ke biyan masta. Toh a Ingila abin a juye yake, masta ne ke biyan yaro albashi duk wata, kuma kuɗin jami'ar ma ba daga aljihun yaron zai fito ba.

A 2015 gwamnatin can ta fito da wannan tsarin na haɗa koyon aiki da digiri. Kuma kinsan Bature ba ya kyauta haka kawai, akwai dalili. Tun watan Afrilu na 2017 duk kamfanin da albashin ma'aikatansa ya haura fam miliyan 3 a shekara ana cire masa rabin kashi ɗaya cikin ɗari na wannan kuɗin a ajiye, kuma hanyar da zai mori kuɗinsa ita ce ya ɗauki yara ya koyar da su. Shi ya sa manyan bankuna da kamfanonin odita irin su PwC, KPMG, Deloitte da EY suke ɗaukar yara tun daga sakandare, har bankin J.P. Morgan yana da irin wannan shiri da jami'ar Exeter. Yarinya za ta shiga a matsayin ma'aikaciya mai kwantiragi da albashi da hutun shekara, kamar kwana huɗu tana ofis kwana ɗaya na karatu, wasu kuma tara kwanakin karatun suke a tura su jami'a na sati-sati. Yana ɗaukar shekara uku zuwa shida gwargwadon fanni. In ta gama, digirin da jami'ar ke ba kowa shi za ta ba ta.

Maganar wai wayo ake mata kuma ki kwantar da hankalinki. Ba juji ba ne da ake zuba waɗanda suka kasa, rububinsa ake, 'ya'yan masu hali ma suna layi, kuma samun gurbi a babban banki ta wannan hanyar yakan fi samun gurbin jami'a wuya don kujerun kaɗan ne. Sai an cike fom, a yi jarabawa a kwamfuta, a yi intabiyu ta bidiyo, sannan a tara su a ɗaki guda a ba su aiki ana kallon yadda kowa ke magana da mutane. In 'yarki ta tsallake wannan duka tana da shekara 17 ai sai a yanka mata kaza.

Yanzu mu duba ɗaya hannun. Kuɗin jami'a a Ingila ga 'yan gida ya daɗe a fam 9,250 a shekara tun 2017, a 2025 ya koma 9,535. Ki ninka sau uku, ya haura fam dubu 28 kenan, ba a sa kuɗin ɗaki da abinci ba, wanda shi ma yawanci bashi ake ci. Gaskiya bashin nasu ba irin na mai susu ba ne da zai zo ya tsaya a bakin shago da ƙaramin littafinsa, sai ta fara samun sama da fam dubu 25 a shekara sannan a riƙa cire kashi 9 cikin ɗari na abin da ya haura hakan, in shekara 40 ta cika bai ƙare ba a yafe sauran. Amma shekara 40 fa Hajiya, za ta aurar da 'ya'yanta ana cira. Kuma akwai ruwa a kai. Wannan shi ne abin da ke hana iyayen Musulmi da yawa barci a can, tun 2013 David Cameron yana firayim minista ya tsaya a taron tattalin arziƙin Musulunci a Landan ya yi alƙawarin za a samar wa ɗalibai lamuni marar ruwa, shekara goma ta wuce ana ta sai gobe sai jibi. Ban sani ba ko ƙaninki ya zauna ya yi wannan lissafin, in bai yi ba ki yi masa, ke da kike lissafin bandir-bandir a ka.

Toh in haka ne me ya sa kowa bai gudu daga jami'a ba? Anan nake so ki saurara da kyau don shi ne gindin maganar. Wanda ya biya kuɗin karatunka shi ke da lokacinka. Ɗan jami'a bashi ya ci ya sayi shekara uku nasa na kansa, ya shiga da niyyar banki ya ji wani malami yana koyar da tattalin arziƙi ko shari'a ya ce a'a ga inda zuciyata take, ya canza, ya yi dogon hutu ya gwada aiki a kamfani biyu uku, ya san mutane daga ko'ina waɗanda shekara goma gaba su ne za su ɗaga masa waya. Ita kuwa afirentis an saye wannan lokacin tun tana 18. Ƙarfe tara tana kan teburi, ƙarshen wata ya zo ana rufe littattafai oga na tsaye a kanta yana jiran lambobi su daidaita, kuma a satin nan take da jarabawa, ƙawayenta na turo hoton yawo ita tana cin biredi a gaban kwamfuta. In ta shekara biyu ta gane ba ta son aikin, dokar tsarin ta hana kamfani ya ce ta biya kuɗin karatun da aka kashe, wannan kam gaskiya ne, amma karatun a ɗaure yake da aikin, in ta ajiye ɗaya ɗayan ya tsaya sai in ta samu wani kamfani da zai ɗauke ta ta ƙarasa. Kuma ba a ba afirentis bashin ɗalibai na ci da sha, daga albashinta za ta biya haya. In aikin a Landan yake tana gidan ubanta toh ta more, in wani gari ne sai an zauna an yi lissafi, kuma na san ku, maganar budurwa ita kaɗai a wani gari wata rigimar ce daban.

Saboda haka in kin kira ta kar ki fara da faɗa, tambaya za ki yi. Ki ce mata a ƙarshen shirin nan me za a miƙa miki a hannu? Don akwai inda yara ke ruɗewa, shirye-shiryen akanta da yawa ba digiri suke bayarwa ba, takardar ƙwararrun akanta ce irin ACA ko ACCA. Takarda ce mai nauyi sosai, a wurin aikin akanta ta fi digirin ma daraja, mai digiri sai ya sake shekara uku yana aiki yana jarabawa kafin ya same ta. Amma in wata rana ta so zuwa Amurka ko Dubai aiki, ko ta dawo gida ta nemi aikin gwamnati, fom ɗin farko zai tambaye ta digirin farko, gara ta sani tun yanzu. Sannan ki tambaye ta wane teburi za a zaunar da ita. Banki gari guda ne, akwai masu zama da manyan kwastomomi ana ƙulla cinikin biliyoyi, akwai na bayan gida masu tabbatar da kuɗi ya tashi daga nan ya sauka can, duk aiki ne na halak ɗin gumi amma albashinsu da inda suke kaiwa ba ɗaya ba ne. Wancan teburin na gaba har yanzu yawanci daga jami'o'i irin LSE, Oxford, Cambridge da Warwick ake ɗibar masu zama a kai, ta hanyar aikin gwaji na lokacin hutu. In can idonta yake kuma makinta zai kai ta irin waɗannan makarantun, ni sai in ce ta je jami'ar. In kuwa ta riga ta san akanta ko odita ko haraji take so, ta bincika, ta yi magana da masu yi, toh ban ga dalilin da zai sa ta ci bashin fam dubbai don ta isa inda za a kai ta a biya ta ba.

Wani abu kuma, daga wasiƙarki ban ji an ce ta samu gurbin ba, ta ce dai za ta yi. Kenan kuna rigima kan kifin da ke cikin ruwa. Fom ɗin jami'a ta UCAS ake cikewa, zaɓi biyar, yawanci a rufe a Janairu. Na afirentis kuma kai tsaye wurin kamfani ake nema kuma ba ya cinye ko ɗaya cikin biyar ɗin. Ta cike duka biyun, in amsoshi sun zo a baza su a tabarma a duba. Abin da za ki ce wa ƙaninki kenan, ya sa ta cike na jami'a, shi kuma ya daina hana ta cike ɗayan.

Kar ki hana ta Hajiya. Ƙaninki kuma na fahimce shi, mutum ya shekara ashirin yana tashi da asuba cikin sanyi yana jan bas, abin da yake so ya gani hoton nan ne na riga da hula mai igiya a rataye a falon Aboabo kowa ya shigo ya gani. Ki gaya masa in shirin mai digiri ne za ta sa rigar, za a ɗauki hoton, sai dai ita za ta biya mai hoton da kuɗinta.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Shekarata 20 ina Asawase, na gama WASSCE bangaren bizines na ci duka shida, lissafi B2. Babana ya rasu, mamana koko da ƙosai take saidawa, ni kuma ina zaman kiyos ɗin MoMo, wato tura kuɗi ta waya, na wani bawan Allah kusa da Alabar. Na ga bidiyo a TikTok yara a Ingila suna cewa suna digiri kyauta ana biyan su, sai wani a bes ɗinmu da muke shan ataya ya ce ya san mutumin da zai haɗa min takardu in tafi, in kawo sidi dubu 15 na farawa. Ga kuma ƙanin mamana yana da shagon shinkafa da mai na sari ya ce in zo in riƙe masa littafi zai riƙa biyana, ga kuma fom ɗin jami'ar KNUST ina so in saya amma in na tuna shekara huɗu ba na kawo komai gida sai jikina yayi sanyi. Kawu wanne zan kama? Burina in zama akanta.
Ɗanka na Asawase

AMSA: Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka ya ƙara wa mama lafiya. Mu fara kashe maganar dubu 15 ɗin nan tun kafin ta yi ƙafa. Tsarin da ka gani a bidiyo na mazauna can ne, sai kana da izinin aiki a Ingila kuma a ƙa'ida sai ka zauna a ƙasar shekara uku kafin a kashe maka wannan kuɗin, kuma neman gurbin kyauta ne ba a biyan ko kwabo. Ba wani mutum a Kumasi ko Akra da ke da gurbin a aljihu. Kai da kake zaman MoMo kullum kana ganin yadda ake kiran tsofaffi a ce an turo kuɗi bisa kuskure, wannan ma ɗan gidansu ne ya sa kwat. Ka sha atayarka ka tashi.

Yanzu maganar gida. Mu nan ba mu da wannan tsarin da gwamnati ta ɗaura kamfani da jami'a, wanda ke so sai ya ɗinka nasa da hannunsa, kuma mutane da yawa sun ɗinka, ni ma haka na yi. Amma bari in gaya maka yadda ƙofa take tukun. Bankunan da ke Adum in za su ɗauki sabbin ma'aikata na horo yawanci digiri suke nema mai kyakkyawan aji, da takardar nashinal sabis, wato bautar ƙasa, ta shekara guda, wasu har da iyakar shekaru. Ko ka fi kowa iya lissafi in ba ka da waɗannan biyun kwamfuta za ta watsar da fom ɗinka kafin ɗan Adam ya gani. Don haka digiri a Gana ba abin wasa ba ne, tambayar kawai yaushe za ka yi shi kuma ta wace hanya.

In za ka iya shiga KNUST kai tsaye ka shiga, kar ka yi sanyi tun ba ka gwada ba. A 2025 gwamnati ta fara ɗauke wa 'yan shekarar farko na manyan makarantun gwamnati kuɗin makaranta, ka je ka tambaya ko yana nan kuma me ya ƙunsa. Akwai asusun bashin ɗalibai na SLTF da yanzu da katin Gana ake nema ba sai ka kawo mai tsaya maka ba, sai dai ka sani akwai ruwa a kai. Kuma kai ɗan gari ne, daga Asawase zuwa Tek, wato KNUST, tirotiro ne, ba ruwanka da kuɗin hostel wanda shi ke karya iyaye. Ga Kumasi Technical University ma da ake yin HND na akanta a ɗora digiri daga baya.

In kuma gida ba zai iya jira ba, kuma kai ka fi ni sanin tukunyar mamanka, toh ga ɗinkin. ICAG, hukumar akantocin Gana da aka kafa tun 1963, tana gudanar da jarabawar ƙananan akantoci ta ATSWA mai mataki uku wadda wanda ya gama sakandare zai iya shiga, in ka gama a yafe maka wasu darussa ka wuce babbar jarabawar zama cikakken akanta. Da sidi ake biya. ACCA ma tana nan, jarabawa 13 da shekara uku na aiki, duniya ta san ta, amma da fam ake biya kuma duk ranar da sidi ta yi tuntuɓe kuɗinka ya ƙaru kana barci, ka tambayi waɗanda suka yi ta a 2022 su ba ka labari. Kana aiki Litinin zuwa Juma'a kana rubuta jarabawar, daga baya ka haɗa da digirin Asabar da Lahadi na KNUST ko na Cape Coast. Zai ɗauki lokaci, za ka rasa bukukuwan abokai da yawa, kuma ba mai ba ka ranar karatu kamar yaran Ingila, daga barcinka za ka yanka.

Shagon kawunka kuwa, anan nake so ka buɗe ido. Riƙe littafi iri biyu ne. Akwai wanda za a ba ka littafi mai bangon kwali ka rubuta buhu nawa ya shigo nawa ya fita, da yamma Alhaji ya zura hannu a durowa ya ɗebi na cefane bai ce maka komai ba, in ka yi magana ya ce dukiyarka ce? Shekara biyar kana wannan ba ka koyi komai ba sai haƙuri, kuma ranar da kuɗi ya ɓata sunanka ne a bakin dangi. Akwai kuma wurin da za ka ga takardar banki ta zo ƙarshen wata a zauna a bi ta layi-layi da littafin shago har a gano cek ɗin da bai shiga ba, a yi albashin ma'aikata a cire na fansho na SSNIT, a kai harajin albashi hukumar haraji ta GRA kafin 15 ga wata, a shigar da komai a kwamfuta. Wannan shi ne koyon aiki. Ka tambayi kawunka cikin ladabi, wa ke yi masa lissafin haraji? In akwai akanta da ke zuwa, ka manne masa kamar ƙaska ka riƙa ɗaukar masa jaka. In babu, ka karɓi aikin don albashi amma ka sa a ranka na wucin gadi ne, ka riƙa leƙa ƙananan ofisoshin odita ko da share-share za a fara ba ka.

Me ya sa nake matsa maka kan takarda? Na shiga aikin kuɗi ba digiri, ƙaramin akawu, na hau har na riƙe reshe a wani kamfanin ajiya da lamuni da ba zan kama suna ba. Ina ganin na iso. Sai guguwar nan ta zo, daga 2017 zuwa 2019 Babban Bankin Gana ya soke lasisin bankuna tara, a watan Mayu na 2019 ya rufe ƙananan kamfanonin lamuni 347 a rana ɗaya, a Agusta ya ƙara da wasu 23 masu ɗan girma. Na je aiki da safe da taye a wuya na tarar da kwaɗo a ƙofa da 'yan sanda, ga mata 'yan kasuwa da na sani da suna suna riƙe da littafin ajiya suna kallona, wata ta kama min hannun riga ta ce Malam kuɗin auren 'yata ne. Ban manta ba har yau. Mu da muka fito, waɗanda suka ƙarasa jarabawarsu cikin 'yan watanni suka samu wani wurin, wani asibiti wani kamfanin gini. Ni da na tsaya a tsakiya ina cewa sai baɗi, shekara goma sha na gogewa amma kamfanin da zai shaide ni ya mutu, sai da na koma aji da furfura ina zama da sa'o'in 'ya'yana.

Toh ka sayi fom ɗin KNUST, kuɗinsa bai kai ko kusa da dubu 15 ba. Ka je ofishin ICAG na nan Kumasi ka karɓi bayanin ATSWA da kuɗinta a rubuce. Ka zaunar da mama da kawunka rana ɗaya, ka ce masa in ya yarda ya riƙe gida da buhun shinkafa ɗaya a wata kai kuma ka riƙa yi masa littafi da yamma da ranar Asabar. Ka rubuto min abin da ya ce.

TAMBAYA: Kawu ni ɗaliba ce a jami'ar UPSA ajin farko, gidanmu Nima. Babana ya ce in na gama ba zan yi aikin banki ba saboda riba. Toh karatun nawa ya tashi a banza kenan?
'Yarka ta Nima

AMSA: 'Yata ni ba malami ba ne, hukuncin aikin banki ku je ke da Baba wurin malamin da ya yarda da shi ku ji daga bakinsa. Abin da na sani shi ne banki lungu ɗaya ne kawai a wannan sana'ar. Kowane asibiti da makaranta da kamfanin waya da ma'aikatar gwamnati na da ofishin akanta, ga odita, ga haraji, ga masu lissafin kaya a tashar jirgin ruwa ta Tema. Bankin da ba ruwa ma akwai shi a duniya, Jaiz na aiki a Najeriya tun 2012, Ingila na da Al Rayan. Ki karkata zuwa akanta da haraji, ki fara jarabawar ICAG tun kina makaranta tunda makarantarku dama da irin wannan karatun aka san ta, in lokacin nashinal sabis ya zo ki nemi a tura ki ofishin odita ko GRA. Ki kai wa Baba wannan shafin ya karanta da kansa, ki ce Kawu na gaishe shi.